Autan Dutsen Ɗantsoho

Na fara sanin Ɗantsoho a kasuwar Batsari cikin watan Maris na 1974. Mahaifiyata ce ta aike ni in sayo mata dutsen niƙa, domin nata ya sha aiki har tsakiyarsa ta huje, gari yana zuba ƙasa. Lokacin ina sabon malamin firamare, ina sanye da wando da rigar shat da na goge da kaina. Na tarar da shi a gefen 'yan tukwane, zaune a kan ɗaya daga cikin duwatsunsa, gajere, kakkaura, hannuwansa kamar an yi su da ƙirgi. Muka gaisa, na zaɓi dutse, muka daidaita. Ina shirin neman mai jaki sai ya ce da ni:

"Tsohon fa, mi za ku yi da shi?"

Na ce, "Wane tsoho?"

"Dutsen da ya huje mana. In ba ku so, ina so."

Na ce masa yana bayan gida, kaji suna hawa. Washegari da hantsi sai ga shi da jakinsa a ƙofar gidanmu, ya kawo sabon, ya ɗora tsohon, ya yi wa mahaifiyata godiya fiye da wadda ta yi masa. Bayan ya tafi ta ce mini, "Daudu, mutumin nan lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Sai bayan shekara biyu na ga abin da yake yi da su. An tura ni wata makaranta a wajen Tsaskiya, na iske ashe ƙauyensu bai kai mil uku daga can ba. Ƙauyen yana gindin wani dutse da mutanen wurin suke kira Mai Kunne, saboda wasu manyan fale-fale biyu da suka miƙe a kansa. Daga wannan dutsen kakansa da ubansa suka ci abinci, shi ma daga nan yake ci. Yadda suke aikin shi ne, su tara itace a kan fa, su hura wuta ta yini tana ci, idan dutse ya ɗauki zafi sai ya ɓare fale-fale. Daga nan a sa guduma da ƙurfi, wato ƙarfen sassaƙa dutse, a fitar da siffa, a dandaƙe fuskar don ta kama hatsi. Dutse guda yakan ci masa kwana shida.

Ya gaya mini tun yana yaro, duk lokacin da za a hura wutar nan, yakan ga wasu ƙananan tsirrai a cikin tsagar dutse, masu kauri, marasa ganye ko masu ganye kaɗan, waɗansu da fure. Wuta tana tashi sai su dahu su narke. Abin yana damunsa. Sai ya riƙa zuwa kafin a tara itace, ya sa bakin ƙurfi ya ciro su da 'yar tsakuwar da ke jikin saiwarsu, ya kai gida. Na farko duk sun mutu, don a ƙasar gona ya dasa su. Ya sa waɗansu a kasko, su ma suka ruɓe da damina. Wata rana ya ajiye guda a cikin hujajjen dutsen niƙa da ke yashe a tsakar gida, da niyyar in ya huta ya nema masa wuri, ya manta. Wannan ne ya rayu.

Ranar da na fara shiga bayan ɗakinsa na ƙidaya duwatsu ashirin da uku, an ɗora kowanne a kan 'yan duwatsu uku don ƙasansa ya sami iska. Na gane namu a cikinsu, da wata 'yar bishiyar ƙariya a ciki, ta yi jan fure guda huɗu ba ko ganye ɗaya. Da farko na zaci ajiye su kawai ya yi inda wuri ya samu. Da na tambaya sai ya dube ni kamar na ce ban san gabas ba.

Bai yi boko ba, allonsa ma bai yi nisa ba, amma kowane tsiro ya zo hannunsa sai ya yi masa tambayoyi. Abu na farko, ina yake ɓoye ruwansa? Akwai mai ɓoyewa a ciki kamar ƙariya, akwai mai ɓoyewa a ganye kamar kabar giwa da moɗa, akwai mai ɓoyewa a kara kamar tinya da karan masallaci. Wannan ya ba shi layi uku. Sannan ya sa farce ya ɗan karce jikin, ya ga abin da zai fito. In farin nono ne, irin na tinya da ƙerana, sai ya tura shi can ƙarshen layi bayan shingen ƙaya, domin ɗigo ɗaya a ido ya isa. In ruwa ne garai-garai, ya matso da shi kusa. Tambaya ta ƙarshe ita ce mai cin lokaci, don sai an jira fure: wa yake zuwa masa? Zuma ce, ko malam-buɗe-littafi, ko ƙuda? Ya ce tsiro biyu suna iya kama da juna kamar tagwaye, amma in baƙinsu ba ɗaya ba ne, to ba gidansu ɗaya ba.

Ni kuwa a makarantar mishan na yi karatu. Mahaifina ya yi jinya mai tsawo a asibitinsu, aka sa mu 'ya'yan majinyata a aji. Uwargidan likita tana da lambun furanni, mu ne masu ban ruwa, da an buga ƙararrawa ƙarfe shida na safe, da kuma biyar na yamma. Wanda ya tsallake kwami ɗaya ba zai je ƙwallo ba. Da zan bar makarantar ta ba ni wani littafin itatuwa mai zane-zane, kowane tsiro da sunansa na Latin a ƙasa. Na kai wa Ɗantsoho shi wata Asabar. Ya wanke hannu kafin ya taɓa. Ya yi ta buɗawa a hankali, yana cewa, "Wanga na san shi. Wanga ma. Wanga sun zana shi da ƙiba, na lambu ne." Daga ranar ya sa mini suna Ɗan Mishan, ni kuma ina ce masa Sarkin Dutse.

Daga 1979 aiki ya yi ta yawo da ni, Funtuwa, Malumfashi, Dutsin-ma, ban ƙara ganinsa ba sai jefi-jefi a wajen jana'iza ko suna. A cikin shekarun nan injin niƙa ya shiga kowane ƙauye, sana'arsa ta mutu a tsaye. Bai yi ƙorafi ba. Ya koma gonar gero da gyaɗa, ranar kasuwa ya zaga da 'yar gudumarsa yana dandaƙe wa tsofaffin mata duwatsun da suka ƙi rabuwa da su. Ya ce abin da inji ya yi masa na alheri shi ne, tsofaffin duwatsu sun zama kyauta.

A 2009 aka ba wani ɗan kwangila aikin hanya, ya zo ya sayi Mai Kunne don ya fasa ya yi tsakuwa. Saura kwana biyar a fara sa nakiya, Ɗantsoho ya hau, yana da shekara sittin da biyar. A fuskar gabas, ƙarƙashin kunnen dama, akwai wata tsaga da ko shi sai da rarrafe yake kai mata. A cikinta akwai wani ɗan tsiro da bai taɓa ganin irinsa a wani dutse ba, duk yawon da ya yi daga Batsari har bayan Safana. Bai taɓa ciro shi ba, don wutar aikinsu ba ta kaiwa can. Ranar ya ciro shi duka, ya ɗaure a hularsa, ya sauko da kai ba hula. Kafin shekara ta zagayo babu Mai Kunne, sai rami mai tara ruwa. Tsiron nan shi ya sa wa suna autan dutse.

Na yi ritaya na dawo Batsari na zauna. A 2019, da daji ya lalace, mutanen ƙauyuka suka riƙa kwararowa cikin gari. Wata Laraba da la'asar na ji ƙarar amalanke a lungunmu, na leƙa, sai ga Ɗantsoho a gaba yana jan shanu, matarsa Hansai a baya da ƙullin kaya a ka. A cikin amalanken akwai buhun gero biyu, sauran duk duwatsu ne, an cusa musu tsumma a tsakani. Gidan da ke jikin nawa kango ne na wani ɗan'uwansu, nan suka sauka. Ko gaisuwa ba mu gama ba Hansai ta ce:

"Malam Daudu, don Allah ka zama shaida. Kowa ya gudo da abin da zai ci, mu mun gudo da duwatsu. Gadona na ƙarfe yana can. Tukunyar Sallah tana can."

Ɗantsoho ya ce, "Gado ai akwai shi kasuwa."

"To je ka kasuwar ka kwanta."

Duwatsu goma sha huɗu ya iya ɗaukowa daga cikin arba'in da ɗaya. Sauran ya bar su, ya ce su irinsu yana nan a kan wasu duwatsun, ko bayan ransa wani zai gan su. Da muka gama saukewa ya kama hannuna ya kai ni gaban wani ƙaramin dutse.

"Ɗan Mishan, duba littafinka ka gaya mani sunan wanga."

Na durƙusa na duba. Kara ne guda goma sha ɗaya, kowanne bai wuce ɗan yatsana tsawo ba, mai kusurwa huɗu da 'yan haƙora masu laushi, launin toka-toka. Na karce, ruwa ne ba nono ba. Na ce masa ai wannan karan masallaci ne, wanda kowa ya sani, yunwar kan dutse ce ta hana shi tsawo.

"A'a."

"Ga shi a shafi na ɗari da goma sha biyu. Iri ɗaya ne tak a ƙasar nan."

"Wanda ya rubuta littafin ya hau Mai Kunne?"

"Ban sani ba."

"To ni na hau."

Ya ce furen karan masallaci baƙi-baƙi ne, yana reto a jikin wani dogon tsinke a saman kara, da gashi a bakinsa. Na auta kuwa daga gindi yake fitowa, ruwan ɗorawa ne da ɗigo-ɗigon ja, ba gashi. Na ce to ya nuna mini. Nan fa aka tsaya, domin tun da aka kawo auta Batsari bai sake fure ba. Damina uku muka jira. Kusan kullum bayan la'asar muna zaune a kan tabarma a gaban duwatsun nan, Atika matata ta miƙo mana kunu ta kan katanga, gardamar tana nan inda take. Hansai takan ce, "Tsofaffi biyu, jikoki sun fi talatin, an rasa abin yi sai musu a kan abin da ko akuya ba ta ci."

A cikin shekarun nan yanar ido ta rufe masa gani. Ya kai ga da hannu yake gane tsirransa. A farkon 2022 'yarsu Safiyya, wadda take aure a Katsina, ta matsa sai an kai shi an yi masa aiki, ido ɗaya sannan ɗaya, su zauna wurinta har bayan ƙaramar Sallah. Ranar Litinin, goma sha huɗu ga Maris, ya miƙa mini makullin gida.

"Kada ka bari awaki su shiga. Shi ke nan."

"Ruwa fa?"

"Mai su zai ba su in lokaci ya yi."

Kusan sati uku ban yi komai ba sai in buɗe in duba in rufe. Sai azumi ya kama, a tsakiyar bazara. Wanda ya yi azumin shekarar nan a Batsari ya san abin da nake faɗa. Da azahar bangon ɗaki ba ya taɓuwa. Ina shiga gidan sai in ga tsirran sun yamutse, auta ya fi kowa, karansa sun motse sun koma ja-ja sun kwanta a kan tsakuwa. Ni ma maƙogwarona a bushe. Na tsaya ina dubansu, na ce a raina wannan ai zalunci ne, an bar mini amana ina kallo tana ƙonewa.

Dole in faɗi gaskiya duka. Ba tausayi kaɗai ba ne. Can ƙasan zuciyata akwai wani lissafi: in na ba auta ruwa da abinci na sati biyar, zai miƙe ya yi tsawo, Sarkin Dutse ya dawo da sabon ido ya ga karan masallaci sak a cikin dutsensa, gardama ta ƙare.

Na ɗauko garwar ban ruwa ta tsohon lambuna. Ƙarfe shida na safe, ƙarfe biyar na yamma, ban taɓa tsallakewa ba. Da na ga duk ruwan da na zuba wa auta yana bi ta hujin dutsen yana tsiyayewa ƙasa, sai na kwaɓa yumɓu na toshe hujin. Na roƙi Atika takin awakinta, na murje shi na barbaɗa. Ta ce, "Malam, ya ce ka yi haka?" Na ce mata shekara talatin da biyar ina koyar da aikin lambu.

Kwana goma na farko abin ya yi kyau. Karan suka cika suka miƙe suka yi kore shar, har na auna da rula na ga guda ya ƙara rabin inci. A kwana na goma sha shida na ga gindin biyu ya yi ruwan ɗorawa. Na ɗauka ruwa ne bai isa ba, na ƙara. A kwana na ashirin da ɗaya na taɓa ɗaya sai ya tsinke a hannuna, ciki ya zama baƙin ruwa mai wari. Na ajiye garwar. Na fasa yumɓun, ruwa ya zubo kamar na kwata. Sauran duwatsun ba su yi komai ba, tunda ban toshe nasu ba. Auta kuwa kullum sai na tarar wani karan ya faɗi.

Sau uku ina ɗaukar waya in kira Safiyya ina ajiyewa. Sallar shekarar nan ban san ɗanɗanon tuwonta ba.

Sun dawo ranar Alhamis, biyar ga Mayu. Ya sauko daga mota da baƙin tabarau, yana ta dube-dube yana dariya, yana cewa ashe haka na tsufa, ashe Atika ta yi furfura. Na ce masa, "Ɗantsoho, kafin ka shiga, akwai magana." Da ya ji na kira sunansa na gaskiya sai dariyar ta tsaya. Na gaya masa komai a nan ƙofar gida, har da yumɓun, har da lissafin da na yi. Ya wuce ciki, ya cire tabarau, ya durƙusa a gaban dutsen. Shekara biyu bai ga auta da idonsa ba, abin da ya fara gani ke nan.

Hansai ce ta fara magana. "Innalillahi. Malam Daudu, kai da karatunka?"

Ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ya bi karan ɗaya bayan ɗaya yana matsawa da yatsa biyu. Tara sun zama ruwa. Biyu gindinsu ya tafi amma kansu da sauran tauri.

"Hansai, kawo mani aska. Ki ɗebo toka mai sanyi."

Ya yanke kan na farko, ya duba bakin yankan, akwai ɗigon baƙi a tsakiya, ya ƙara yankewa sama, ya sake dubawa, sai da ya ga fari tas. Abin da ya rage bai fi gaɓar yatsa ɗaya da rabi ba. Na biyun ma haka. Ya tsoma bakin kowanne a toka, ya jera su a kan wani fasasshen kasko. Sannan ya juyo ya dube ni.

"Taki ma ka sa?"

"Na sa."

"Na awaki?"

"Na awaki."

Ya girgiza kai, sai kuma na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi. "Ɗan Mishan, da tumatir na bar maka, da yanzu na yi arziki."

Ni dai hawaye ne suka zubo mini, ban ɓoye ba. Ya bari na gama, sannan ya ɗauki ɗaya daga cikin guntayen biyu ya sa a tafin hannuna. Na ce masa a'a, don Allah kada ya ba ni. Ya ce kuskuren na farko nasa ne, da ya tara abu guda a wuri guda shekara goma sha uku. Ya ce kuma duk garin nan babu wanda ya san abin da ruwa yake yi wa auta kamar ni.

Ya ba ni ƙa'ida. In ajiye shi a inuwa kwana tara, a kwance, har bakin ya bushe ya yi ɓawo. Sannan in ɗora shi a kan tsakuwa zalla a cikin hujajjen dutse, kada in binne. Kada ɗigon ruwa ya taɓa shi daga hannuna, sai wanda ya sauko daga sama, shi ma in ya yi yawa in kifa masa ƙwarya. Ya ba ni dutse daga cikin nasa. Da na rasa inda kajin Atika ba za su kai ba, sai na sa aka ɗora mini shi a kan katangar gidana ta gabas.

Bayan sati uku guntun da ke wurinsa ya baƙe daga ciki, ashe ruɓar ta riga ta hau. Ya kawo mini shi a hannu ya nuna mini, ya ce, "To, saura naka." Tun daga ranar duk abin da ya rage na autan Mai Kunne a duniya yana kan katangata, bai kai tsawon ashana ba, ba saiwa, kullum ƙara motsewa yake yi. Ruwan sama kuma ya yi jinkiri a shekarar. Da ƙarfe biyar ta yi sai in ji ƙafata tana kai ni wajen randa. Atika ta ɗauke garwar ta kai gidan ƙanwarta. Wata rana ta kama ni tsaye a gindin katanga da butar alwala.

"Malam, alwalar a nan za a yi?"

"Dubawa kawai nake yi."

"To ba ni butar, ka duba da hannu biyu."

Ta leƙa ta kan katanga ta gaya wa Hansai, suka yi ta dariya har da tafi. Na ba ta butar.

Ruwan farko ya sauka ranar sha tara ga Yuni. Bayan kwana goma sha biyu Ɗantsoho ya zo, na riƙe masa kujera ya hau, ya sa yatsa ya ɗan tura guntun. Bai motsa ba. Ya sake turawa. Ya sauko ya ce, "Ya kama." Ban taɓa jin kalma biyu da suka yi mini daɗi kamar waɗannan ba. Kafin kaka ya fitar da 'ya'ya biyu a gefe. Damina ta gaba suka zama shida. Ko ɗaya bai wuce ɗan yatsa ba, ni ma ban ƙara ta da maganar shafi na ɗari da goma sha biyu ba, amma ban ce na sallama ba.

Ranar Asabar, sha bakwai ga Agusta 2024, na fito bayan na karya kumallo sai na ga ƙudaje suna zagaya kan katanga. Na zaci ɓera ne ya mutu. Na hau kujera. A gindin kara na uku, manne da tsakuwa, ga wani ɗan fure ya buɗe, faɗinsa bai kai na sulai ba. Na koma ɗaki na ɗauko gilashin ƙara girma. Kunnuwa biyar, ruwan ɗorawa, da ɗigo-ɗigon ja kamar an yayyafa da tsinke. Na bi bakinsa kaf ina neman gashi, babu.

Lokacin ƙafafun Ɗantsoho sun yi rauni, ba ya iya hawa kujera. Na kira maƙwabta biyu suka sauko da dutsen a hankali suka ajiye a tsakar gida, na je na kamo shi. Ya zauna a ƙasa ya daɗe yana kallo. Ya sunkuya ya sansana, ya yamutsa fuska.

"Shi ne. Warin ma shi ne."

Na ce, "Sarkin Dutse, na sallama. Ba ya cikin littafin."

"Ai na sani." Ya ɗaga kai ya dubi inda dutsen yake a da, ya dubi rana. "Ka ga abin da na kasa ganewa? Can ƙauye ba abin da ya tare mashi gabas. Nan kau ɗakin Hansai ya tare, sai azahar rana ke samunsa. Hantsi yake so. Da kajinku ba su kore shi sama ba, da har in mutu ina jira."

Atika ta ce to a gode wa kaji. Hansai ta matso ta duba, ta ce, "Wannan ɗan abin ne aka bar mani gado saboda shi?" Amma ta daɗe a tsugune.

Furen kwana uku ya yi ya rufe. Da kaka ta yi, Ɗantsoho ya sa aka sake sauko da dutsen, ya miƙo mini aska. Ya ce hannunsa yana rawa, ni zan yanka. Daga kara tara muka cire huɗu. Ɗaya ya tafi Katsina wurin Safiyya, ɗaya Karare wurin wani malamin Islamiyya da yakan zo kallon duwatsun, ɗaya ya ba ɗansu Almustapha da ke noma a Zakka, na huɗun ya koma gidansa, a kan katanga wannan karon. Kowa sai da ya zaunar da shi ya maimaita masa ƙa'idar, ya kuma ce in ba su labarin yumɓun da bakina. Na bayar, sau uku.

Allah ya karɓi ransa a watan Fabrairu na 2025, bayan jinyar kwana takwas. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na yi zama da masu ilimi da yawa a rayuwata, kaɗan ne suka koya mini abin da ya koya mini, kuma babu wanda na yi wa ɓarna irin wadda na yi masa ya sake miƙo mini hannu a ranar.

Bayan ta fita takaba Hansai ta koma Zakka wurin Almustapha. Duwatsun goma sha uku suna wurina, na jera su yadda ya jera. Na Karare bai yi ba, ɓera ya cinye shi, na riga na yanka masa wani yana bushewa a inuwa. A makon jiya Hansai ta sa aka kira ni a waya. Bayan mun gaisa ta ce na wurinsu ya fitar da wani ɗan ƙullutu a gindi, ita ba ta sani ba ko fure ne ko sabon kara, kuma matar Almustapha tana ta shanya a kusa da shi, ruwan wanki yana ɗiga. Na ce ta sa a matsar da igiyar. Ta ce ta riga ta tsinke ta.